Musayar waƙa: faifan farko na Black Sabbath

Ɗan Maƙera:
Salamu alaikum. Yau na ɗauko magana daga Birmingham ta Ingila, kan faifan farko na ƙungiyar makaɗa Black Sabbath, wanda da yawa ke cewa daga shi kiɗan hebi metal, wato kiɗan jita mai nauyi da ƙara, ya soma. Mai amsa ya amsa da baiti.

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu,
A 1970 faifan nan ya yi fitowa.

Samari huɗu, ƴan unguwar Aston,
Inda hayaƙin masana'antu ba ya yankewa.

Ozzy a murya, Iommi a jita,
Butler a jitar bas, Ward ganga yake bugawa.

Kafin ka ji kiɗa sai ka ji ruwan sama,
Da tsawa, da ƙararrawar coci tana kaɗawa.

Sannan jita ta sauko da sauti uku kacal,
Tana jan ƙafa, ba ta gaggawar wucewa.

Yini guda suka yi a ɗakin ɗaukar sauti a Landan,
Suka tattara kaya suka tafi wasa, ba tsayawa.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan,
Har yau ana kwaikwayo, ba a gamawa.

Baba Mai Rediyo:
Ɗana, na saurara don kada ka ce
Tsoho ya yanke hukunci bai ji ba.

Abin da na ji ruri ne da ihu,
Kunnena bai samu wurin sauka ba.

Ga wata mata a bangon faifan cikin baƙaƙen kaya,
Na duba fuskarta, ban ga fara'a ba.

Ga gicciye a kife a cikin kwalin,
Za ka ce mini wannan ba aikin Shaiɗan ne ba?

Ko ƴan jaridar zamaninsu sun kushe shi,
Lester Bangs na Rolling Stone bai yaba ba.

Ƙanwar Maza:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan sa baki,
Gicciyen nan kamfanin Vertigo ne ya sa shi.

Butler da ke rubuta musu yawancin baitoci,
A gidan ƴan Katolika aka rene shi.

Waƙar farko mutum ne cikin firgici,
Ya ga baƙin abu, yana roƙon Allah ya cece shi.

Sunan Black Sabbath daga fim ɗin tsoro suka aro,
Na Boris Karloff, a 1963 aka yi shi.

Sun ga jama'a na biyan kuɗi don a razana su,
Suka ce kiɗa ma haka ne, bari mu gwada shi.

Masu alƙalami sun kushe, yaran gari suka saya,
Har mataki na 8 a Ingila suka kai shi.

Gambo Mai Jita:
Yaya, kin yi daidai, amma ku bar ni da hannun Iommi, don ni a nan na ga maganar take.

Yana da shekara 17, a masana'antar ƙarfe,
Zai bar aikin ya bi kiɗa, saura yini ɗaya.

Inji ya sauko masa a hannun dama,
Ya datse kan yatsu biyu, na zobe da na tsakiya.

Shi kuwa bahago ne, ku lura da wannan,
Da hannun daman nan yake danna tsirkiya.

Shugabansa na aiki ya kunna masa kiɗan mai jita Django Reinhardt,
Wanda gobara ta kashe wa yatsu biyu, ya ƙi ja da baya.

Iommi ya narka robar sabulun wanke-wanke,
Ya yi wa yatsun hula, ya liƙa fata don su kama waya.

Tsirkiya mai kauri tana ba shi azaba,
Ya koma siraran banjo don su rage masa wuya.

A faifan Master of Reality, 1971, ya sassauta su,
Sauti ya faɗa ƙasa, jita ta canza murya.

Duk yaron da ke sassauta tsirkiya yau don nauyi,
Raunin nan ya gada, alhali yatsunsa lafiya.

Baba Mai Rediyo:
Gambo, yanzu ka kawo abin da na gane,
Mu ma muna da dundufa, kiɗan maƙera.

Wanda ya tashi guduma na kwana a kunnensa,
Ba zai yi kiɗan shagwaɓa ba in ya fara.

Shi ma Ozzy a kwata ya taɓa aiki,
Muryar da ta fito daga can ba ta lallashin yara.

Amma fa ban saya ba, zagi kawai na daina,
Ku nuna mini jikokin, wa ya ɗora, wa ya ƙara?

Auta:
Kaka, ga su nan. Judas Priest ƴan garinsu ne,
Jita biyu suka haɗa, sauri suka nuna.

A 2006 da aka sa Sabbath a zauren girmama ƴan rok,
Hetfield da Ulrich na Metallica su suka yi magana.

Candlemass a Suwidin da sauran ƴan doom, metal mai jan ƙafa,
Waƙar farkon nan suke ta ja dare da rana.

Har Ghanzi ya kai, can cikin Kalahari,
Ka tambayi Overthrust, ƴan Botswana.

Ranar 5 ga Yulin 2025 a filin Villa Park,
Su huɗun suka haɗu, Ozzy a kujera ya zauna.

Metallica da Slayer da Pantera suka share fage,
Manya suka koma yara saboda ƙauna.

Ranar 22 ga watan Ozzy ya rasu,
Aka bi da gawarsa ta gadar da aka sa wa Black Sabbath a suna.

Ƙanwar Maza:
Ni dai in za a faɗi gaskiya, faifansu Paranoid ya fi,
Wanda ya biyo a Satumba, ya hau na 1 a Ingila.

Na farkon rabinsa buluz ne irin na mashaya,
Da waƙoƙi biyu na aro, Ɗan Maƙera, ka kula.

Gambo Mai Jita:
Na yarda da aron, Yaya, na yarda da buluz,
Har doguwar jitar ƙarshe da ke sa ni hamma.

Amma ki cire minti shidan farko na faifan,
Ki faɗa mini inda Paranoid zai kama.