Nawa zan caji iyaye a kan koya wa ƙananan yara maganar hannu?

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar malamai, musamman masu ajin nazare a nan Sakkwato.

Ƙanena kurma ne, a gida na tashi da maganar hannu, daga baya na koyi ta makaranta, wadda tushenta alamomin Amurka ne. Yanzu wata makarantar kuɗi a Mabera ta ce in riƙa zuwa sau 2 a mako ina koya wa yara 'yan shekara 3 zuwa 5. Su 14 ne, biyu kurame, sauran suna ji.

Inda na maƙale shi ne kuɗi. Mai makarantar ta ce, "Malama, ke ki faɗi." Ni kuma kunya ta hana ni buɗe baki. Darasin bai wuce minti 20 ba, don yaro ɗan shekara 3 ba ya zama fiye da haka, amma kafin in je sai na yanka kwali, na zana hotuna, ga kuɗin Keke Napep daga Arkilla zuwa da dawowa. Shin a kan kowane yaro ake yanka kuɗin, ko dunƙule ake karɓa kowane zango?

Kuma gaskiya zuciyata ba ta yarda in karɓi ko sisi daga iyayen kuramen nan biyu ba, don a wurin yaran maganar hannu ba kwalliya ba ce, bakinsu ke nan. Amma in na ɗauke musu, ina tsoron sauran iyaye su yi ƙorafi. Wanda ya taɓa irin wannan aiki, yaya kuka yi?