Kaluluwar da aka cire wa Yaya

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. An yi wa yayana aiki, ƙari ne a pankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi), santimita 3, kuma su da bakinsu suka ce mai tafiyar hawainiya ne. Sai ga takarda ta fito wai sun haɗa da saifa da kaluluwar da ke kewaye sun kwashe. Wa ya aike su? Waɗannan ba likitoci ba ne, mahauta ne!

Majo: Allah ya ba shi lafiya, ƙanena. Irin wannan ƙari neuroendokirin ake ce masa, wato mai tasowa daga ƙwayoyin jiki masu fitar da sinadaran hormon. In ya wuce santimita 2, ƙa'ida ita ce a cire shi tare da kaluluwar kusa, don nan cutar ke fara ya da zango, kuma sikana ba ta ganin ƙananan, sai an kai su awo. Saifa kuwa jijiyoyin jininta manne suke da wutsiyar pankiriyas. Tunda an cire ta, ku nemi allurar rigakafin sanƙarau da nimoniya, kuma kada ku yi wasa da zazzaɓin sauro.

Mai nama na Babbar Kasuwa: Dakata. Me mahauta suka yi maka? Kullum in za a yi zagi sai a ɗauko mu. Ni da wuƙata nake zare kaluluwa daga cinyar sa ban taɓa tsokar ba. Ka janye.

Ɗan Bagalam: Baba, ba da ku nake ba.

Mai nama: Da wa kake? Naman sunan ɗanka wa ya gyara?

Hajiya ta Zariya: Gaskiyar Baba ce. Mijina ɗan mahauta ne, kuma babu sana'ar da ta fi tasu tsare amana. Yaran yanzu ba ku da linzami a baki.

Ɗalibi: Steve Jobs, na kamfanin Apple, irin wannan ƙari ya yi. An gano a 2003, ya jinkirta aikin wajen wata 9, aka yi a 2004, ya rasu a 2011.

Hajiya: To shi ma mahauta ne suka kashe shi?

Direban Kano: Da kun bi ta Ɗan Isa kun kai shi Kano da ba a yi haka ba.

Ɗalibi: Kai komai Kano! Yamai ba ta da likitoci ne? Kuɗin mota kake nema.

Direban Kano: Yaro, ka san da wa kake magana?

Majo: Jama'a, akwai ƙari wanda ake ƙwaƙulewa shi kaɗai, kamar ƙaramin mai fitar da insulin, sinadarin da ke rage sukarin jini. Wannan ba shi ba ne. Ƙanena, duba takardar, me aka rubuta gaban Ki-67, wato awon saurin girman ƙarin? Ƙasa da 3 cikin ɗari shi ne mataki mafi sauƙi. Kuma kaluluwa nawa aka samu da cutar?

Mai nama: Har yanzu bai janye ba.

Shugaban zaure: Na rufe maganar. Abin da ya fito fili shi ne an ci mutuncin mahauta ba gaira ba dalili, kuma ni kakana na wajen uwa mahauci ne. Ɗan Bagalam ya ba Baba haƙuri kafin magariba, in ba haka ba in fitar da shi. Maganar Kano ma Direba bai yi ƙarya ba. Batun saifa ku bi Majo ta waya.