Wane horo zan yi wa wannan ɗalibin?

Assalamu alaikum malamai. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Tudun Wada, Zariya, kuma wani yaro ɗan aji biyu ya gagare ni. Kullum sai ya makara, in ya shigo kuma ya dinga fizge littafin na kusa da shi. Na sa shi tsallen kwaɗo, ya share aji, har ciyawa ya nome, amma yana gamawa zai dawo yana murmushi, abokansa na yi masa tafi. Duka kam ba na so. Shekaranjiya na gano da sassafe yake kai wa mahaifiyarsa kaya kasuwar Sabon Gari, abin ya tsaya min a rai. Don Allah wane horo zai sa ya shiga taitayinsa ba tare da ya guji makaranta ba?