Jama'a mi za mu kira scuba diving da Hausa?

Salamu alaikum, ku taimaka min da kalma guda. Ƙanena da ke karatu Alƙahira ya samu hutu ya tahi Dahab bakin Bahar Maliya ya shiga kwas ɗin scuba diving na 'yan koyo. Jiya bayan la'asar muna zaune zaure Baba yat tambaye ni wai mi yaron nan ke koyo har anka biya kuɗi, nic ce ninkaya. Baba yad dube ni yac ce yaron da tun shina furamare yake ƙetare gulbin Kwalkwalawa, shi za a koya ma ninkaya? Na rasa ta cewa, kuma Baba na da gaskiya. Mai ninkaya bisa ruwa yake, wanga kuwa ƙasa zai shiga da tulun ƙarfe goye ga baya, tiyo ga baki, shina numfashi can ƙasa har minti talatin ko arba'in.

Na san da yawa za ku ce kurme, ni ma ita ta fara zo min. Duk wanda ya taɓa kallon kabanci Argungu ya ga sarkawa na shigewa ƙarƙashin ruwa har mutane su fara salati kafin kai ya ɓullo. Amma fa kurme riƙe numfashi ne, ka cika huhu bisa ruwa ka shiga da abinka, kuma nan ne tsorona yake. Dokar farko da ake koya ma ɗan koyon scuba ita ce kar ka kuskura ka riƙe numfashi. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na bisa tudu sau biyu, iskar da ka shaƙa can in ka taso da ita ba ka fitar ba kumbura za ta yi har ta ninka, tana iya fasa huhu. To in munka sa ma abin suna kurme, mun ɗauki ɗabi'ar da ke halaka mai yinshi mun maishe ta sunanshi, ni dai raina bai kwanta da hakan ba.

Kuma wagga fahimta ta cewa ai kurme ne ita ta sa ƙanen nawa ya so ya dunƙule kwas ɗin cikin kwana biyu don shi ɗan bakin gulbi ne. Tsarin PADI, ƙungiyar koyar da scuba da anka kafa Amurka 1966 wadda katin shaidarta yake nema, akwai karatu kashi biyar, sai shiga ruwa sau biyar cikin kwamin wanka ko wurin da ruwa ke kwance ba zurfi, sannan shiga sau huɗu cikin teku ko tafki na gaske, kuma ba a yarda ɗan koyo ya wuce shiga uku ta buɗaɗɗen ruwa rana guda ba, ke nan huɗun nan dole su ci kwana biyu su kaɗai. Galibi kwana uku zuwa huɗu ake yi, wasu su raba shi ƙarshen mako biyu. Ya ce min abin da ya fi ba shi wuya ba zurfi ba ne, cire gilashin fuska cikin ruwa a maida a hure ruwan da hanci, sau uku shina tasowa da tari idonshi jawur, malamar ta ce a bari sai gobe. Da ya kwana ya dawo sau guda ya yi. Ban da haka in ka gama shiga da yawa sai ka jira aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama saboda iskar naitirojin da jiki ya sha ba ta gama fita ba.

Ƙari bayan na karanta amsoshinku, na gode ƙwarai.

Antin da tac ce nutsewa, Anti ki yi haƙuri, nutsewa ita muke ji in kwalekwale ya kife, ba uwar da za a ce ma ɗanta na koyon nutsewa ta yi barci. Amma nutso ya yi, nutso da gangan ake yi kuma a taso.

Masu cewa nutson oksijin, a'a. Cikin tulun iskar nan ce da muke shaƙa anka matse, oksijin ɗinta kashi 21 cikin ɗari ne kawai, zallarshi ma in an yi zurfi guba ne. Malam da ya ce a bar ta sukuba yadda munka bar mota da rediyo, ban ƙi ba, sai dai mota kowa na ganinta bisa titi, wanga kuwa nan Sakkwato in kalmar ba ta bayyana kanta ba babu mai ganewa. Ita scuba ɗin ma haruffan farko ne na jimlar Turanci mai nufin na'urar numfashi ƙarƙashin ruwa wadda mutum ke ɗauke da ita, ke nan su ma da kayan aikin sunka sa sunan, irin wanda Jacques Cousteau da Emile Gagnan sunka ƙera Faransa 1943.

Don haka na tsaya ga nutson tulu. Silinda ko tukunya kan mutum gas ɗin girki zai tahi, tulu kuwa abin ɗauka ne mai ƙaramin baki. Mai yi a ce mai nutson tulu. Kuma na karɓi shawarar yayan da ya ce tsayuwar minti 3 da ake yi a zurfin mita 5 kafin a fito a kira ta zango, a ce ya ya da zango, wallahi ta zauna daram.

Da daddare na gwada ma Baba, nic ce nutson tulu yake koyo, iska ce cikin tulun. Bai nemi ƙarin bayani ba, sai cewa ya yi to in iskar ta ƙare fa? Nic ce akwai agogon da ke nuna saura, kuma ba a shiga sai mutum biyu biyu. Yac ce in kira shi in hwaɗa mai kar ya yi gaggawa ko da zai ƙara kwana. Na kira, ya ɗaga tikitinshi zuwa Lahadi.