Taƙaitawar abin da aka faɗa kan littafin Scarlett

Na bi duk bayanan da masu karatu suka yi kan littafin Scarlett na Alexandra Ripley (1991), ci gaban Gone with the Wind na Margaret Mitchell (1936). Ga abin da na tsinto:

1. Bakinmu ɗaya: a fara karanta na farkon, in ba haka ba ba za a gane abin da ya sa Scarlett, tauraruwar labarin, ta bi mijinta Rhett har birnin Charleston na Amurka ba.

2. Mitchell ta rasu tun 1949, magadanta ne suka ba Ripley izini. Mai sharhi ya san alƙalami ya sauya hannu.

3. A nan aka rabu: tafiyar Scarlett ƙasar Ailan. Wasu sun ji daɗin labarin Ballyhara, garin kakanninta a can, da rikicin manoma da Turawan Ingila masu gonaki. Wasu suka ce an raba ta da Tara, gonar gidansu a Amurka, an kuma sanyaya zafin zuciyarta har ta zama wata mace daban. Ni ma wannan ya yi mini ciwo, don taurin kan nan nata ne ya sa na so ta.

4. Sulhunta da Rhett a ƙarshe: mafi yawa sun ce an yi gaggawa.