Kyanwa na yaƙushin fuskar talabijin, me ya rage a gwada?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jidda, musamman masu kiwon kyanwa a cikin ɗaki.

Kyanwa ce 'yar wata 8, ba ta fita saboda zafi. Da zarar tsuntsu ko ƙwallo ya gilma a talabijin mai inci 55, sai ta kafe ido, haɓarta na rawa, ta daka tsalle da farata a buɗe. Idan abin ya ɓace, ta zagaya baya tana nemansa. Motsi take bi, launi bai dame ta ba, ja ma ba ta ganinsa sosai.

An kafe talabijin a bango, an janye teburin da take takawa, ana rage mata farata duk mako 2, ana wasa da ita minti 15 kafin a kunna. Yanzu daga kan kujera take tasowa, har ta kankare siririn rufin da ke hana allon ƙyalli a wuri biyu.

Shin murfin roba mai kauri milimita 3 zai tare farcen ba tare da ya riƙe zafi ba? Kuma kunna mata bidiyon tsuntsaye a wata tsohuwar waya zai rage abin, ko zai ƙara zuga ta tunda ba ta kama komai?