Ina so in riƙa fita da kyamara kullum, yaya ake shirya ta?

Ummi_Z:
Assalamu alaikum masana. Kyamarata marar madubi ce, mai sensa (farantin da ke kama hoto a ciki) mai matsakaicin girma, wato APS-C, da gilashin zum 18-55mm da ta zo da shi. So nake ta zama kamar waya da makulli, duk inda na sa ƙafa tana tare da ni. Abu biyu ke hana ni: nauyi, sannan kafin in ciro ta daga jaka in kunna, abin da na hango ya wuce. Wane saiti ake barin ta a kai, kuma me ake kiyayewa don kada yawo ya kashe ta?

Habu Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Malama Ummi, fara da rage kaya. Kyamarar da ke buƙatar jakarta ta musamman, a gida take kwana. Shi ya sa masu yawo da kyamara ke son irin su Ricoh GR III mai giram 257, ko Fujifilm X100V mai giram 478. Amma ba sai kin sayi sabuwa ba. Cire zum ɗin ki sa ɗan falalen gilashi wanda ba ya zuƙowa, 23mm ko 27mm; wasunsu ba su kai giram 100 ba. Akwai ƙarin riba: irin zum ɗinki in ya kai 55mm yawanci ƙofar haskensa f/5.6 ce, shi kuwa falalen gilashi mai f/2.8 haske ninki huɗu yake shigarwa, kuma da magariba za ki ga bambancin.

Saiti kuma, juya maɓallin sama zuwa A (Canon na rubuta Av), wato ke ki zaɓi ƙofar haske, kyamara ta zaɓi saurin ƙiftawa. Da rana ki bar ƙofar haske a f/5.6 ko f/8. ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, ki sa shi ya zaɓi kansa, iyakarsa 6400. Abin da mutane ke mantawa shi ne ƙayyade mafi ƙarancin saurin ƙiftawa a cikin wannan saitin. In ba ki ƙayyade ba, kyamara za ta iya sauka zuwa 1/30 na daƙiƙa a inuwa, gini ya fito tas amma mai tafiya ya fito dishi-dishi. Sa 1/250. Yara masu gudu ko mai keke sai 1/500. Ki adana duk wannan a gurbin ajiye saiti da ke maɓallin sama, C1 ko U1, gwargwadon abin da kyamararki ta kira shi.

Jaka kuma a manta da ita lokacin tafiya. Igiyar wuyan hannu, ko maratayin da ke ratsa ƙirji, murfin gilashi a aljihu, malfar gilashi a gaba tana kare shi daga bugu.

Hajiya Binta:
Duk abin da Malam Habu ya faɗa haka ne, sai dai ni a wurina wannan ɗabi'a ba a bakin ƙofa ake gina ta ba, a dawowa gida ake gina ta. Da safe mutum na sauri. In ya ɗauka ya ga batir saura layi ɗaya, ajiyewa zai yi. Don haka ƙanwata, da kin shigo, kafin ki zauna, ki yi aikin minti biyar. Ciro batir ki sa a caji, ki zura na biyu a kyamara nan take. Kwashe hotuna zuwa kwamfuta, ki buɗe biyu ko uku ki tabbatar sun shiga lafiya, sannan ki mayar da katin memori ki yi masa fomat a cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba. Mayar da maɓalli C1. Hotuna da yawa sun lalace da rana tsaka saboda an bar ISO 6400 na daren jiya, ko an bar ƙidayar daƙiƙa goma a kunne. Sai ki rataye ta inda makullinki yake.

Akwai wani saiti da ke barin kyamara ta ƙifta ko babu kati a ciki. Kashe shi. An yi shi ne don masu gwadawa a kanti, amma yana sa mutum ya yini yana ɗaukar iska.

Batir biyu dole ne. Yawancin marasa madubi hoto 300 zuwa 500 ake ƙiyasta musu a caji ɗaya, GR III ma 200 ne. Kashe Wi-Fi da Bluetooth, don wasu kyamarori na ci gaba da neman waya ko an kashe su, ki wayi gari batir ya zube. Na ajiyar kuma kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi a aljihu. Ƙarfe in ya haɗa bakunansa zai iya yin zafi ya ƙone. Kati 64GB ya isa, yana ɗaukar hotunan RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba) fiye da 1,000 a kyamarar megafiksel 24.

Injiniya Garba:
Ina da ja a kan maganar murfi, Malam Habu. A hannu, na yarda, malfa ta wadatar. Amma da an ajiye kyamara a tebur ko kujerar mota tana kallon sama, a rufe ta. Gilashi tattara hasken rana yake yi wuri guda, kuma marar madubi ba ta da abin da ke tare shi kafin ya kai ciki, sai ya ƙona labulen ƙiftawa ko sensa. Barin ta a rufaffiyar mota ma kada a fara. Akasarin kyamarori an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, mota a rana kuwa tana haura 60, kuma zafi ne ke tsufar da batir.

Na biyu, gumi. In aka fito daga ɗaki ko mota mai sanyin AC zuwa iska mai ɗumi da laima, ruwa na kwantawa a gilashi, waje da ciki. Na waje a goge, na ciki shi ke haifar da fumfuna, wadda in ta daɗe takan ci fentin gilashi har ba gyara. Maganinsa, tun a cikin sanyin a sa ta a leda mai zif a rufe, a fita da ita, a ba ta minti 20 zuwa 30 ta ɗauki zafin waje kafin a buɗe. In ruwan sama ya taɓa ta, a goge a bar ta a sarari ta sha iska. Kada a kulle ta a jaka da danshi. Wurin ajiya a zuba ƙullin silika, laima ta tsaya wajen kashi 40 zuwa 50.

Ƙura kuwa yawanci wajen canza gilashi take shiga, wani dalilin ke nan na zama da guda ɗaya. In ya zama dole, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa. Gwaji: ɗauki sararin sama a f/16, duk ɗigon da ya maimaitu wuri ɗaya a kowane hoto yana kan sensa. Robar hura iska ake sa masa, ba baki ba, ba gefen riga ba.

Ummi_Z:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Kafin in samu ƙaramin gilashi, akwai dabarar da za ta hana zum ɗin ɓata lokaci wajen neman fokus?

Habu Mai Hoto:
Akwai. Tsayar da shi a 18mm, f/8, ki mayar da fokus na hannu, ki saita shi a kan abin da ke nesa da ke mita biyu. Daga mita ɗaya har iyakar ganinki komai zai fito, dannawa kawai za ki yi. In gilashin 23mm ne, saita a mita uku da ɗan ɗori, ya fara kamawa daga wajen mita ɗaya da rabi da 'yan kai. Liƙa ɗan salatif a zoben zum don kada ya murɗe a hanya. Ki kuma gwada: wasu gilasan na manta inda aka bar fokus da an kashe kyamara. In naki haka yake, sai kin sake saitawa duk kunnawa. Da duhu ya fara ki koma fokus na atomatik, don f/8 da 1/250 sun fi ƙarfin hasken dare. Injiniya, na karɓi gyaran murfi.